Turaren da Ba a Shiga Indiya da Shi

Abba,

"Turare ne hwa, Malama. Turaren ɗaki na zamani, wanda bai son garwashi. Mi kike son gani ciki?"

Gwaggonka Asabe ke nan, yayar Babanku ta Bakura, tana tsaye a kaina ɗazu da hantsi, ni kuma ina durƙushe da almakashi gaban ƙullin da ta kawo don ka kai wa ɗanta Nazifi a Indiya. Ka yi haƙuri na fara maka da muryarta kafin sallama, har yanzu ita ce a kunnena. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan ka dawo daga Faru lafiya, ka sami kawunnanka lafiya, kuma furar bankwana ta bar maka wurin numfashi. Allah ya tsare hanyar da ka biyo yau, ya tsare wadda za ka bi gobe, ya sauke ka a hannun mutanen kirki.

Lokacin da za ka karanta wannan ina Maradun wurin Inna, kakarka. Ba labarin gida zan ba ka ba, ka fi ni saninsa. Maganar jaka ce. Ka daɗe kana jiran gurbin karatun nan, ka zauna a gida har yaran unguwa suka fara ce maka Malam, kuma ba na so ya suɓuce maka a kan teburin bincike saboda wani abu da bai kai tsawon yatsa biyu ba.

Bari in ƙarasa maka na Gwaggonka. Ƙullin ya sha ɗinki da zaren buhu, an rubuta sunan Nazifi a kowane gefe, kamar akwai wani Nazifin da zai yi gardama. Ka san al'adarmu. Mai tafiya ba ya ƙin saƙo, kuma ba ya buɗe shi. In ka tambayi abin da ke ciki ma an ce ka yi rashin kunya.

Na ce, "Yaya, ba zarginki nake yi ba. Abba ne zai tsaya gaban masu bincike, ba ke ba, ba Nazifi ba."

Ta ce, "Tun da nike ban taɓa ganin an farke saƙo gaban mai shi ba. Ko direban Gusau bai yi mini haka."

"Direban Gusau ba ya bi ta na'urar da ke ganin hanjin jaka."

"Ke dai boko ta gama da ke, amaryarmu."

Na farke. Yaji, kuka, daddawa, kilishi, hula guda mai kyau. A ƙarƙashinsu kuma ga 'yan kwalaye jere, da hoton mangwaro da kankana a jikinsu. Sigarin lantarki ne, wanda ku kuke ce wa shishar aljihu. Wani abokin Nazifi ne ya kai mata su har gida, ya ce turaren da ɗanta ya yi saƙo ne. Ta sansana ta ji mangwaro, ta sa masa albarka.

Da na faɗa mata ko mene ne, sai ta zauna a kan kujera ta ce, "Shi ya sa. Na zare guda na aza bisa kanta kusa da kaskon turarena, kwana da kwanaki ina jiran ya yi ƙamshi, ko tari bai yi ba. Na ce na jabu aka saida wa yaron."

"Sai an zuƙa, Yaya."

"A zuƙa da mi?"

"Da baki."

Can ta ciro wayarta ta kira Nazifi, ta sa yadda kowa zai ji. Ya fara gaisuwa, ta ce ya riƙe gaisuwarsa. Ya ce, "Umma, ai ba wani abu ba ne, kowa na sha, nan ne kawai ba a samu."

"Ba a samu don mi?"

"An hana."

"An hana, shi ne ka ce ɗan ƙanena ya ɗauko maka? Kai kana kwance ɗaki, shi a kama shi?"

Abin da na shirya faɗa da dogon bayani, ta gama shi a tambaya biyu. Ta ƙulle kwalayen a gefen mayafinta, ta ce za ta watsa su a magudanar ruwan gonar shinkafa. Na ce akwai batir a ciki, kada ta ba shinkafar Bakura abin da ba ta nema ba. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Kin yi daidai, amma da kin ja ni ɗaki. Ga matar maƙwabcinku tsaye tana kallo." Gaskiyarta. Na tsare ka, na kunyata ta, kuma da na ɗan yi tunani da ban yi na biyun ba. Don haka ga shawara ta farko, da ɗuminta: ka buɗe kowane saƙo, a gaban mai shi, amma ba a gaban jama'a ba. Wasu za su zo da nasu yau da yamma bayan na tafi, wani ma sai a tasha zai miƙo maka ta taga. Ka ce, "Mama ta ce in buɗe." Ka ɗora mini. An riga an san halina daga nan har Damaga, ba abin da zai ragu.

Kada ka ɗauka da wannan wayon aka haife ni. A Jidda na saye shi.

Umrata ta farko, kana goye a lokacin, na bar ka wurin Inna. Ana gobe tafiya wata tsohuwa daga Damaga, ƙawar kakarka, ta zo da wani ɗan matashin kai ɗinkakke, ta ce in kai wa ƙanenta da ya daɗe da zama a Makka, wuyansa na ciwo. Na ji shi da nauyi fiye da auduga. Na kalle ta, ta kalle ni, na ce to. Ina da digiri a ilimin sinadarai, ina koyar da manyan ɗalibai yadda ake gane abin da ke cikin kwalba ba tare da an ɗanɗana ba, amma na kasa tambayar tsohuwa abin da ke cikin matashi.

A filin jirgi aka tambaye ni ko ni na shirya kayana da kaina. Na ce ni ce. Ka lura, na fito neman gafara, kuma maganar farko da na yi a hanya ba gaskiya ba ce. A Jidda aka zare jakar gefe, aka farke matashin. Goro ne fari tas, an naɗe shi da ganye, an lulluɓe da auduga. Goron da ake rabawa a kowane suna da ɗaurin aure a Mafara, wanda liman ke ci, a can abin hanawa ne. Aka ƙwace, aka zaunar da ni, aka yi ta rubuce-rubuce. Na ce ba nawa ba ne. Jami'in ya nuna sunan da ke jikin jakar, ya nuna fasfona. Ayarinmu ya gaji da jira, na isa Makka ni kaɗai a bayan kowa. Ƙanen tsohuwar kuwa da na same shi hannu rabbana, bai tambayi yadda na sha ba. Cewa ya yi, "Duka suka ɗauke?"

Abin da na koya a ranar: a bakin iyaka ba a san kalmar saƙo ba. Abin da ke cikin jakarka naka ne. Kuma halaccin abu a garinku ba ya bin ka cikin jirgi.

Za ka ce wanda ya sha wannan ba zai sake ba. Na sake, kuma da ainihin abin da muke magana a kai.

Shekarun da nake karatu a Malesiya, kana ƙaramar sakandare, Babanku yana shan taba. Yana ganin ba wanda ya sani, saboda bayan dalbejiyar gidan nan yake zagayawa, sai ka ce hayaƙi ba ya zagayo bishiya. A can na ga ana sayar da sigarin lantarki a fili, shago guda ba abin da ke ciki sai shi, kala-kala kamar alewa. Wata abokiyar karatuna ta ce da shi mijinta ya bar taba. Na saya wa Babanku guda, na jefa a jakar hannu, ina jin kaina mace mai dabara. Ana saura kwanaki in dawo gida, sai 'yan ajinmu suka shirya yawon yini ɗaya zuwa Singafo. Mota ce kawai, a haye gada, a yi hotuna, a dawo. Na tambayi abokiyar tawa ko akwai abin da ba a shiga da shi. Ta ce, "Ba komai, ai kusan gari ɗaya ne."

Ba gari ɗaya ba ne. A wannan gefen gadar abin yana cikin gilashin shago da fitila a kansa. A wancan gefen laifi ne ka shiga da shi. Suka gan shi a na'ura, wata jami'a 'yar siririya ta ce in biyo ta. Nan na yi kuskure na biyu a kan na farko: na buɗe baki. Na yi mata bayanin abin da ke cikin ruwan, da sunayensu na kimiyya. Na ce ban taɓa shan taba ba, ta dubi hijabina. Na ce wa mijina na saya, don lafiyarsa. Na ce a ƙasarmu ba wanda zai tambaye ka. Ta saurare ni har ƙarshe da ladabi, irin sauraron da nake yi wa ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Sannan ta ce dokar ba ta tambayi wanda zai sha ba, wanda ya shigo da shi take tambaya. Aka karɓe, aka rubuta sunana, aka yi mini gargaɗin da har yau ina iya maimaita shi. Singafon da na gani ke nan: ɗaki mai sanyi da kujerun roba. 'Yan ajinmu suka dawo da hotuna, ni na dawo da takarda.

Babanku kuwa ya bar taba da kansa daga baya, ranar da ƙanwarka Husna ta ƙi yarda ya ɗauke ta, ta ce yana warin bola. Abin da kimiyyata ta kasa.

Daga wannan ka ɗauki abu biyu. Kada ka tambayi aboki dokar ƙasa. Aboki zai gaya maka abin da ya yi bai gamu da kowa ba, wannan kuma sa'a ce, ba doka ba. Ka shiga shafin hukumar ƙasar da kanka, da na kamfanin jirgin, ka karanta, kuma ka sake karantawa duk lokacin da za ka yi tafiya, domin dokar wannan abin ba ta zama wuri ɗaya. Ƙasar da ta ƙyale bara tana iya hanawa bana. Na biyu, in an tsayar da kai, ka rage magana. Ka amsa abin da aka tambaye ka, ka faɗi gaskiya, ka bar Turancinka ya huta. Daga wurina ka gaji son bayani, shi ya sa nake gaya maka.

Game da taka tafiyar, na karanta, ba ji na yi ba. Indiya ta haramta shigo da sigarin lantarki da sayar da shi. Doha da za ka sauka canjin jirgi, su ma ba su yarda a shigar musu da shi ba. Kada ka ce ai wucewa kawai za ka yi. Jirgi na iya makara, a kai ku masauki cikin gari, sai ka ga ka shiga ƙasar da ba ka yi niyya ba da duk abin da ke jakarka. Kuma ka yi tunanin yadda kwalayen Nazifi za su yi kama a idon jami'i. Mai guda ɗaya yana iya cewa nasa ne. Mai jere a ƙarƙashin daddawa ɗan kasuwa ne, kuma wanda ya san abin da yake ɓoyewa. Ba za su kira Gwaggonka su ji labarin kaskon turare ba. Makarantar da ta ɗauke ka ma ba ta san ka ba tukuna, abin da za ta fara ji game da kai shi za ta riƙe.

Kilishin ma na cire. Ƙasashe da yawa ba sa son a shigar musu da nama, ban ga dalilin gwada su ba. Ni da Husna mun ɗauki nauyin wannan matsalar, mun kusa gamawa da ita.

Akwai wani ƙaramin abin kunya da ya kamata ka sani, don wata rana za ka je ƙasar da aka yarda da abin, ko abokin tafiyarka ya tambaye ka. Duk abin da ke da batir irin wannan ba a sa shi a babbar jakar da ke shiga wurin kaya na ƙasan jirgi, saboda yana iya kamawa da wuta inda ba mai gani. Ni da abin cajin waya mai batir na koya. Na cusa shi a babbar jaka a Abuja, na zauna ina shan shayi, sai na ji ana kiran cikakken sunana a lasifika, har da na mahaifina, wanda rabon da in ji shi a bainar jama'a tun ranar ɗaurin aurena. Aka buɗe jakar a gaban layi guda na matafiya. Ban san na ɗauki zannuwa da yawa haka ba sai ranar, kuma daddawar Inna ta gabatar da kanta ga kowa. Haka kuma ba a zuƙar komai a cikin jirgi, har da bayan gida. Akwai na'urar da ke ji, kuma ba ta san mangwaro ba.

Yanzu saura maganar da ta sa na zaɓi takarda maimakon in zaunar da kai.

Ɗazu bayan tafiyar Gwaggonka na shiga ɗakinka in sa maka hular Nazifi da yajinsa a jaka. Ba bincike na je yi ba. Na ɗaga takalminka na ƙwallo don in sami wuri, sai na ji ƙafar hagu ta fi ta dama nauyi. Ka san ni da abin da ya fi nauyinsa. Irin na Nazifi ne, yana cikin safa, shuɗi, an ɗan goge fentin bakinsa saboda amfani.

Ban yi mamaki ba. Tun watannin baya ɗakinka ke ƙamshin mangwaro, alhali ko a kasuwar Talata an daina ganin mangwaro. Na yi shiru ina jiran ka gaji da shi. Ra'ayina game da abin da yake yi wa ƙirjin mutum ka san shi, kuma kai da za ka karanci harhaɗa magunguna za ka zo ka fi ni sani. Ba wannan ce maganar yau ba. Ban gaya wa Babanku ba. Mutumin da ya yi shekaru a bayan dalbejiya ba shi da bakin faɗa sosai, amma zai yi, kuma ba na so daren ƙarshenka a gida ya tafi a haka.

Na riƙe shi a hannu na ɗan lokaci, sannan na mayar da shi cikin safar, na mayar da safar cikin takalmin. Yana nan inda ka sa shi. Da na ɗauke, da ka isa Abuja ka sayi wani, ka nemi maɓoyar da ta fi takalmi, kuma abin da za ka koya ke nan. Daga gobe ba ni ce mai duba jakarka ba. Masu dubawar ba su goya ka ba, kuma na'urarsu takalmi take fara gani.

Na bar aljihun teburina na hagu a buɗe, na kwashe takardun da ke ciki. In ka ga dama ka sa shi a nan kafin ka fita. Ba zan kira ka a kai ba, ba zan yi maka wa'azi ba, ba zan ma ce na gani ba. In na dawo ran Juma'a zan ja aljihun in duba, shi ke nan. In babu komai a ciki, zan san abin da zan riƙa roƙo a kai har in ji ka fita daga filin jirgin can.

Na san kwanakin farko na barinsa ba daɗi. Kai zai yi ciwo, kowa zai ba ka haushi, tafiyar kuma doguwa ce. Na sa maka cingam da alewar citta a ƙaramar jaka, aljihun gaba. Ka sha ruwa da yawa. In wanda ke kusa da kai a jirgi ya cika surutu, ka tuna ba laifinsa ba ne gaba ɗaya.

Na gaya wa kowa Inna ce ta aiko in zo. Inna ba ta aiko ba, za ta ma yi mamakin ganina. Ni dai na san kaina. Na iya tsayawa gaban aji cike da ƙattai ban ji komai ba, amma ban iya tsayawa a ƙofar gida ina kallon mota na ɗauke ka ba, kuma ba zan fara koya gobe a gaban maƙwabta ba. Babanku zai raka ka, shi ya iya waɗannan abubuwan.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka a ƙasa da sama. Allah ya haɗa ka da malamai masu tausayi da abokai masu faɗa maka gaskiya. Ya kare ka daga abin da ka sani da wanda aka ɗinke aka ba ka. Ka riƙe salla, ka kira Inna ko da ba ka kira ni ba, ka gaida Nazifi, ka ce masa hularsa ta iso. Na yafe maka duk abin da ka sani da wanda kake tsammanin ban sani ba. Allah ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai da abin da ka je nema.

Mahaifiyarka.

Ga direba can yana ta danna hon, yana so mu shiga Maradun kafin la'asar, kuma yana da gaskiya. Zan ɗora wannan a kan jakarka in ja maka ƙofa. Har yanzu sai an ɗan ɗaga ta take rufuwa. Na ɗaga.